Neman Kujerar Malam Sidi a Makka

Kano

Na bar gida kafin kiran asuba, adaidaita ta sauke ni a filin jirgi. Umra ce ta fitar da ni, amma da wata rigima a raina. Mun daɗe muna ƙera kujera a shagonmu daga tsohon hoton aikin marigayi Malam Sidi, kafinta haifaffen Makka, wanda ya ƙi sassaƙa fure da shafa ruwan zinare a zamanin da kowa su yake so. Katako zalla, ƙafa siririya, ba ƙusa. Sai dai hannunta na hagu ya ɗara na dama tudu. Ƙanena Habu ya rantse ko mu daidaita su ko ya ware shagonsa. Ni kuwa na kafe cewa hikimar gwani ce.

Misfala

Bayan na sauke Umra na taka zuwa inda aka ce shagonsa yake. Otal na tarar. Wani dattijo mai sayar da carbi ya ce, "Ammu Sidi? Allah ya jiƙansa. 'Yarsa tana Ka'akiyya."

Ka'akiyya

Na shiga tasi bayan la'asar. Direban jikan Sakkwatawa ne, Hausarsa rabi Larabci. Hajiya Maryam, 'yar Malam Sidi, ta sa aka kawo gahawa da dabino, sannan aka fito da kujerar da ke hoton. Na zagaye ta, na shafa, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta yi dariya har da hawaye. "Ya waladi, wannan ta Ummi ce, mahaifiyata. Ɓarin jikinta na hagu ne ya shanye, sai Baba ya ɗaga hannun kujerar don ya tokare ta. Baba ba ya taɓa zarto sai ya zaunar da mutum ya auna shi."

"Sauran fa, Hajiya?"

"Kowa da tasa, halas, shi ke nan."

Kunya ta kama ni. Ashe rabin unguwarmu a kujerar mara lafiya muka zaunar da su.

Gida

Na sauka Kano lafiya, godiya ta tabbata ga Allah. Habu ya saurara, ya ce, "To Yaya, mu daidaita ke nan?"

A daidai lokacin wani tsoho mai ciwon gwiwa ya shigo yana tambayar kujera. Habu ya nufi wadda muka gama. Na riƙe hannunsa.

"Baba, bismillah, zauna a bencin nan tukuna. Habu, miƙo min abin awo."