Darar Baba Tsoho a Kiret ɗin Ƙwai

Shekara bakwai ke nan da rasuwar kakana Malam Haladu, wanda mu jikokinsa muke kira Baba Tsoho. A nan Dubai Allah ya karɓi abinsa, a nan kuma muka binne shi, a maƙabartar Al Quoz, ba nisa da rumbun ajiyar kayan da nake aiki. Kowace shekara in watan nan ya kama nakan yi masa sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Iyalina sun koma Kano tun bara, aikin da ya riƙe ni a ƙasar nan ya kusa ƙarewa, matata Hadiza kuma kullum tambayarta ɗaya ce a waya: yaushe zan taho? Ni kuwa abin da ke damuna daban ne. In na tafi, wa zan bar wa tsohon nan? Mutumin da a rayuwarsa ko tuwo ba ya iya ci shi kaɗai, sai ya leƙa waje ya kamo wani.

Shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, bayan rasuwar mahaifina, a wani ƙauye kusa da Bichi. Manomi ne, kuma mai kafiya ne na ƙin ƙarawa. Abu biyu na san ba ya wasa da su: sallar jam'i da darar bayan la'asar. Da an idar da salla zai naɗe buzunsa ya nufi gindin ceɗiyar ƙofar gida, inda tsofaffin unguwa suka haƙa gurabensu a ƙasa. Ga wanda bai san dara ba, ramuka talatin ne, layi biyar na shida-shida. Kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, wannan da tsakuwa, wancan da guntayen kara, duk wanda ya jera uku sai ya ɗauke ɗan abokin karawarsa guda. Wannan shi ne abin da ido ke gani. Amma rabin dara a baki take. Baba Tsoho zai riƙe tsakuwa a sama ya ƙi ajiye ta, yana tambayar abokin wasansa ko ya bar wasiyya a gida. 'Yan kallo su yi ta ba da shawarar da ba wanda ya tambaye su. A yi ta musu har ladan ya raba faɗan.

Bayan rasuwar kakarmu Iya Abu ne ciwon zuciya ya taso masa. Na matsa sai ya zo an duba shi a nan. Da ƙyar ya yarda, wai wata biyu zai yi ya koma kafin shuka. Likitoci suka riƙe shi, muna ta sabunta biza, sai ga shi ya yi kusan shekara a ɗan gidanmu na Al Karama, hawa na huɗu.

Ciwon bai ba shi wuya ba kamar zaman. Ni in fita da sassafe in dawo bayan magariba, yara suna makaranta, Hadiza tana fama da aikin gida. Makonnin farko duk wanda ya haɗu da shi a lif sai ya yi masa sallama ya ɗora da gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, yaya mutan gida. Wasu su gyaɗa kai, wasu su ƙura wa wayarsu ido. Ya dawo ya ce mini, "Nasiru, mutanen gidan nan gaba ake yi ne? Wa ya ɓata wa wa?" Na yi masa bayanin cewa haka garin yake, kowa ta kansa yake yi. Ya ce to Allah ya kyauta. An ce zumunta a ƙafa take, ga shi da sauran ƙafar, amma babu inda zai kai ta. Sai ya ja kujera bakin taga ya wuni yana kallon rufin motoci.

Wata rana ya gano wani ɗan lambu a bayan layinmu, mai yashi a gefe inda yara ke lilo. Ya tafi da cokalin Hadiza ya durƙusa ya fara haƙa gurabe. Bai kai rabi ba mai gadin wurin ya zo ya tsaya a kansa yana cewa, "Mamnu, baba, mamnu," wato an hana. Mutumin bai yi masa rashin kunya ba, har hannu ya ba shi ya tashe shi. Amma Baba Tsoho ya dawo gida a fusace. Ƙasar da duk yashi ce, in ji shi, amma an hana mutum taɓa yashi. Ranar ko abincin rana bai ci ba, ni kuma na ji tausayinsa har ya ba ni haushi, domin ban san abin da zan yi masa ba.

Mafita ta zo daga kicin. Hadiza ta kwashe ƙwan ƙarshe daga kiret ɗin takarda za ta jefa shi a shara, sai ya daka mata tsawa daga falo.

"Amarya, tsaya! Miƙo mini wannan abin."

Amarya yake kiranta, irin wasan kaka da matar jika. Ta miƙa masa tana mamaki. Ya ɗora a cinya ya bi ramukan da yatsa, tsaye da kwance. Biyar, shida. Ya ɗago yana dariyar da rabonmu da jin ta tun a filin jirgi.

"Ashe mutanen nan sun san dara, ɓoyewa suke yi. Sun ba kaji aronta."

Ramukan sun yi wa yatsunsa zurfi, sai ya yayyafa wa kiret ɗin ruwa ya danne shi da filon kujera ya zauna a kai har ya lafa. 'Ya'yan gefe ɗaya ƙwallon dabino, na ɗaya gefen farar tsakuwa da ya tsinto daga tukunyar fulawar bakin ƙofar gini. Matsalar ita ce takarda ba ta jure hannu, ba a jimawa sai ta yage. Daga nan gidanmu ya shiga uku da cin ƙwai. Da safe ƙwai, da rana ƙwai a kan shinkafa, shi kuwa likita ya hana shi, sai dai ya zauna yana sa mana ido. In ya ga sabon kiret ya ƙi ƙarewa sai ya ce wa Hadiza yaran nan sun rame, a ƙara musu. Har yau ba na son jin ƙamshin suyar ƙwai.

Fili ya samu, saura abokin karawa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni ba gwani ba ne, kafin in gama tunani ya share ni. "Kai ja'iri, boko ya cinye maka kai," in ji shi. Sai na fara kawo masa 'yan kasuwarmu da ke zuwa sarin kaya, waɗanda muke yi wa lodi a wurin aiki. Cikinsu wanda ya fi shiga ransa shi ne Alhaji Isuhu, wani mai sayar da tayoyi daga Maraɗi, mutum mai faɗin murya da ƙaramin haƙuri. Shi kaɗai ne ya taɓa cinye Baba Tsoho sau biyu a jere, kuma a ranar na ga tsohon ya fi kowace rana farin ciki. Su zauna a kan darduma a falo, wayar Alhaji tana ta ruri a aljihu.

"Tsoho, yalla mana, yi sauri ka ajiye ɗan nan. Kwantena na jira na."

"Ta jira. Ita ma lodi ake mata, kai ma lodi nake maka."

"Wallahi khalas, shi ke nan, daga wannan na tashi. Demain, gobe ke nan, in sha Allah sai in rama."

Ba ya tashi sai sun yi uku. Amma baƙo raɓa ne. Da kaya sun hau ruwa, Alhaji Isuhu ya bi jirgi, sai kuma bayan watanni. Haka sauran. Kowa ya zo ya ɗumama masa falo na 'yan kwanaki ya tafi. Hadiza ta gaya mini cewa a irin waɗannan ranaku takan jiyo shi daga kicin yana zolaya da ƙarfi, ta leƙo ta ga ba kowa. Ya zauna gefen dabino ya yi wasa, ya juya kiret ɗin ya yi na tsakuwa, yana kiran sunayen tsofaffin gindin ceɗiya, su Ɗanladi da Malam Bawa, yana yi musu dariyar sun yi kuskure. Takan koma ta rufe ƙofa a hankali don kada ya ji kunya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. 'Yan kasuwar da ke cika masaukan Karama da Deira sun ragu. Tun lokacin da biza ta yi wuya da yawansu suka koyi saro kaya ta waya, a turo hoto, a turo kaya, ba a ga juna ba. Alhaji Isuhu na ji ya bar wa 'ya'yansa kasuwa. Abokan aikina in an tashi hutun rana kowa ya sunkuya a kan wayarsa yana wasa da wani wanda bai san sunansa ba, ba musu, ba zolaya, ba mai cewa ka bar wasiyya. Na san da zai ce wannan ba wasa ba ne, zaman makoki ne. Da kuma ya leƙo ɗakin da na koma bayan tafiyar iyali, gado ɗaya, kofi ɗaya, kwano ɗaya, da sai ya tambaye ni laifin da na yi aka kulle ni. Kaɗaicin da na gani a fuskarsa a bakin taga, yanzu na san shi ciki da bai, kuma ba shi da daɗi ko kaɗan.

Abin da ya rage mini na ɗebe kewa shi ne ziyararsa. In na tashi aiki da wuri nakan ratsa maƙabartar in yi masa sallama in yi addu'a, in ɗan tsaya. Babu wani nasa a ƙasar nan sai ni. Limamin masallacinmu ya gaya mini gaskiya, addu'a ba ta neman biza, daga Kano ma za ta iso. Na sani, tun ina makarantar allo na sani. Amma sani daban, zuciya daban. Duk lokacin da na yi niyyar sayen tikiti sai in ga kamar zan fita ne in ja masa ƙofa.

In an auna, bai bar abin da za a raba ba. Gonar ta tafi wajen 'yan'uwa, ceɗiyar an sare ta da aka faɗaɗa hanya, kiret ɗin ƙarshe ya ruɓe da kansa. Abin da ya bari hali ne. 'Yata ta fari ta gaji bakinsa, ba ta iya cin wasa ba tare da ta yi wa mutum dariya ba. Ni kuma ya bar ni da gaida mutane a lif ko ba za su amsa ba. Sai wata magana tasa da na yi shekaru ina jin ta a matsayin zolaya, sai a makon nan ta zauna mini.

A asibiti ne, da yamma, ana saura kwanaki ya cika. Na ce masa don in ƙarfafa shi, "Baba Tsoho, da ka warware sai gida. Gindin ceɗiya na jiranka."

Ya dube ni kamar yadda yake dubana in na ajiye ɗa a inda bai dace ba.

"Wa ke can? Ka manta dokar dara? Wanda aka cinye shi ke tashi, gwani ya zauna jiran na gaba. To ni na cinye su duka. Ɗanladi ya tashi, Malam Bawa ya tashi, har kakarka ta tashi. Ni gwani aka bari zaune." Ya numfasa. "Zaman gwani ba daɗi, Nasiru. Ranar da ka ga an cinye ni, kada ka yi mini jaje. Kuma kada ka zauna gadin gurbi."

Na yi dariya a lokacin, na ce ko a gadon asibiti ba zai bar cika baki ba. Shekara bakwai ina tsoron in bar shi shi kaɗai, alhali shi ya bi mutanensa, inda muke roƙon Allah ya haɗa su cikin rahama. Wanda aka bari zaune shi kaɗai, yana jiran abokin da ba zai zo ba, ni ne.

Jiya na buga wa Hadiza waya na ce ina tafe ƙarshen wata. Na ji tana jan hanci. Can ta ce, "To wa zai riƙa zuwa wajen Baba?"

Na ce mata Baba ya daɗe da tashi.