Ƙofa Kafin Gida

A tashar motar da ke zuwa sababbin filaye, can inda titi ya ƙare, wani dattijo yana tsaye rungume da ƙofar katako. Gajere ne, gemunsa fari fat, takalmansa sun sha tafiya. Shuɗin fentin ƙofar duk ya kankare, amma kwaɗon da ke jikinta sai ƙyalli yake.

Direba yana zagaya shi yana girgiza kai. "Baba, ba wuri fa. Wai ina gidan da za a sa wa wannan?"

"Ba a gina ba tukuna, ɗana. Fili ne, sai ƙaya."

"To ka bar ta nan, in an yi bango ka dawo."

Dattijon ya shafa gefenta, inda hannuwa suka goge katakon har ya yi santsi. Ina jin da bango na ciruwa, da shi ma ya ɗauko.

Wata mata ta leƙo ta taga. "Haba direba! Kakanka da turmi a ka ya iso ƙasar nan, wa ya tambaye shi ina hatsin? Kowa a nan da guntun gidansu ya zo."

Mota ta ɗauki dariya. Samari suka sauko, wannan ya kawo igiya, wancan ya hau sama. Ba wanda ya tambaye shi daga ina yake.

Da aka gama ɗaurewa, ya taka taya, ya miƙa hannu ya danna kwaɗon, ya jefa mabuɗi aljihu.

"Baba, me ka kulle?" in ji direba.

"Gidana mana. A bar shi a buɗe muna hanya?"