Kalmar da Ta Kusa Mayar da Hajiya Garwa

Har gobe ban manta da ranar da Farfesa ta yi murna ba, domin murnar ta kusa korar mana marar lafiya.

Ga ku sababbi, aikina a labo, ɗakin gwajin asibiti, yankan nama ne, amma ba irin na mahautan unguwar New Bell ba. Likita zai gutsuro ɗan nama daga ƙari, ni in daskarar da shi cikin kaki, in yanka shi siriri har fiffiken sauro ya fi shi kauri, in shimfiɗa shi a kan gilashi, in zuba masa rini. Farfesa ke dubawa a mikroskop. Likita ce, kuma rayuwarta ta ƙare wajen binciken yadda sojojin jiki ke yaƙar ciwon daji. In rinin ya kama sai mu ce positif, wato ciwon yana da inda magani zai riƙe shi. Albishir ne.

Wata Talata cikin damina, Alhaji Buba mai atamfa a kasuwar Mboppi yana kan benci a waje, yana jiran sakamakon matarsa. Farfesa ta ɗago kai ta ƙwala kira har unguwar Bonabéri da ke ƙetaren kogi aka ji: “Garba! C’est positif!”

Na leƙa waje, benci ba kowa, Alhaji ya ji ya tafi. A unguwarmu positif ma’ana ɗaya gare ta, cutar nan da ake faɗa da raɗa.

Na yi mata bayani. Ta cire farar riga ta ce, “Mu je.” Muka hau benskin, wato acaɓa, tana riƙe da ƙarfen baya kamar mai kalmar shahada.

A gidan Alhaji mun tarar an ɗaure kaya. Alhaji ya yanke shawarar mayar da Hajiya Garwa ta cika cikin danginta, magani ya ƙare ke nan.

Farfesa ta zauna kan tabarma ta zubo Faransanci mai tsawon gadar kogin Wouri. Alhaji ya dube ni.

Na ce, “Alhaji, ba waccan cutar ba ce. Cewa take ciwon Hajiya yana da kunne. Akuya mai kunne ai ita ke jawuwa.”

“Garba, kai fa da wasa.”

“Wallahi yau na bar shi a labo.”

Hajiya ta gyara mayafi. “Alhaji, ƙirjin nan nawa ne ko naka? Ka ji rabin magana ta taga, har ka haƙa mini kabari a Garwa. A kwance kayan.”

Aka kwance. Sati na zagayowa ta fara magani, kuma har yanzu tana zuwa, tana ce mini mahaucin asibiti.

Abin da na koya ke nan, yara. Sakamako ba ya ƙarewa a kan gilashi. Sai mai ciwon ta ji shi da kunnenta, cikin harshenta, sannan ku ce kun tashi aiki.