Jar Tawada a Aljihun Hagu

Shekara ashirin da bakwai Malam Kwalba ya yi yana riƙe da mabuɗin ɗakin gwaje-gwaje na makarantar sakandare. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, don kafin ka gan shi za ka ji ƙarar kwalabe a aljihun farar rigarsa. Matarsa kan ce, “Malam, ranar da ta Allah ta kasance, sai an ɓamɓare mabuɗin nan daga hannunka.”

A ɗakin akwai dogayen tebura huɗu da suka sha ƙuna, da famfo uku, ɗaya ne ke kawo ruwa, da kanta cike da kwalabe. Yawancinsu wayam suke. Shi kaɗai ya san haka.

Da gwajin launi aka san shi. Kofin gilashi biyu, ɗaya asid, ɗaya ruwan soda. Ya ɗiga sinadari a na farko, shiru. Ya ɗiga a na biyu, ruwa ya rikiɗe ya zama ruwan hoda, aji ya ɗauki sowa. Sinadarin gaskiya kuwa ya ƙare shekara tara da suka wuce. Sau uku ya rubuta takarda, ba a kawo ba. Tun daga nan ƙananan kwalabe biyu yake yawo da su, iri ɗaya sak: ta aljihun dama ruwa ne zalla, ta hagu jar tawadar da yake duba jarrabawa da ita. Yana gaya wa kansa don yara yake yi, launin ai ɗaya ne. Amma da don yara ne, da ya faɗa musu. Sowar yake so.

Sai aka turo sabuwar malama, da kwamfutocin hannu talatin masu manhajar gwaji ta intanet. Shugaban makaranta ya ce babu ɗaki mai ƙofar ƙarfe da wurin caji sai ɗakin gwaje-gwaje.

“Ranka ya daɗe, yaron da bai taɓa shaƙar warin sinadari ba ya ce ya san kimiyya?” in ji Malam. “Hoton ruwa ba ya kashe ƙishi.”

“Baba, a allon kwamfuta dai ba wanda zai ƙone,” in ji malamar, cikin ladabi. Shekara huɗu ta yi tana karatun kimiyya ba ta taɓa riƙe bututun gwaji ba, kuma tun zuwanta take fargabar ranar da zai miƙa mata ɗaya a gaban yara.

Shugaba kuwa hoton da zai saka a rahotonsa yake hange. Ya ce, “To, a gwada. Ranar Laraba, aji ɗaya, kowa ya nuna nasa. Wanda ya fi, ɗaki nasa ne.”

Ranar Litinin Malam ya tafi wata makaranta zai roƙi sinadarin, ko da cokali ɗaya. Har ya kai bakin ƙofa ya tuna mai kula da ɗakin gwajinsu tsohon ɗalibinsa ne, yana cikin waɗanda suka yi wa tawada sowa. Ya juya.

Ranar Laraba malama ta fara. Yara suka dangwala allo, ruwa ya yi hoda. Wata yarinya a layin gaba, da ake kira Me-ya-sa saboda yawan tambaya, ta ci gaba da ƙara asid a allonta, launin ya ɓace, ruwa ya koma garau.

Malam ya jera kofunansa. Hannu a aljihun dama, shiru. Hannu a na hagu, hoda. Wasu suka tafa.

“Malam, a ƙara asid mu ga ya koma fari,” in ji Me-ya-sa.

“Lokaci ya ƙure, ’yata.”

“Saura minti goma,” in ji Shugaba. “Ai kai ka ce a gani da ido.”

Malam ya tsiyaya asid a kofin da ya yi hoda. Ya ƙara. Kofi ya cika har baki, launin ya ɗan dushe, amma yana nan daram.

“Malam, kai ma sabis ɗinka ya ɗauke ne?” wani ya jefo daga baya. Aji ya tuntsire da dariya.

Malama ta dubi jan tabon da ke bakin aljihunsa na hagu. Ta gane. Ta ce, “Wataƙila asid ɗin ne ya tsufa.” Tausayi ne ko kuwa ta ga ta riga ta ci, ita ma ba ta sani ba.

Nan ne wurin da zai iya faɗin gaskiya. Ya buɗe baki, ya ce, “Ya tsufa.”

Da aka tashi ya miƙa mabuɗi. Aka loda kwalabe a kwalaye, aka tura ƙarƙashin bene. Zango ɗaya aka yi ana dangwalar allo, sannan intanet ɗin makarantar ya ɗauke bai dawo ba, manhajar kuma ba ta buɗewa sai da shi. Kwamfutoci suka koma cikin kabad. Yanzu da alli malama ke zana kofuna biyu, ta rubuta “ruwan hoda” a ƙarƙashin ɗaya.

Saura wata biyar ya yi ritaya Me-ya-sa ta same shi a baranda yana duba takardu.

“Malam, da gaske yana komawa fari, ko wasan na’ura ne kawai?”

“Yana komawa.”

“Ka taɓa gani da idonka?”

“Na gani, ’yata. Sau ɗari.”

Gaskiya ya faɗa. Ta dube shi, ta dubi jar tawadar da ke yatsunsa, ta ce, “To, Malam,” ta wuce.