Wandunan da Suka Dawo Fes

Karam Din bai taɓa kallon wasan kurket ba, ko na minti goma, amma shekara arba'in da ɗaya shi ke wanke fararen kayan kulob ɗinmu a Bahawalpur. Gidansa na bayan filin, bakin magudanar ruwa. Yana jiyo tafi ta kan katanga, ba ya ko ɗaga kai. Shi a jikin wando yake karanta wasa.

Mu masu jifa, a cinya muke goge jar ƙwallon nan, gefe ɗaya ya yi sheƙi don ta karkace a iska ta ruɗi mai bugu. A wasan kwana huɗu, kafin la'asar cinyar wandonka ta zama kamar ta mahauci. Wannan jan shi ne sana'ar Karam Din. Lemon tsami, sabulun sanda, shanya, bula, sitati, sannan dutsen guga na gawayi wanda ni da hannu biyu nake ɗaga shi. Lokacin da nake jifa, in na kai masa ƙunshin yamma sai ya zaro wandona ya ɗaga sama.

"Shafqat, yau ka sha duka."

"Wa ya gaya maka, Kawu?"

"Ga shi nan, ja har gwiwa. Wanda ya fitar da masu bugu da wuri ba ya wuni yana goge ƙwallo."

Gaskiya yake faɗa, shi ya sa abin ke ba ni haushi.

Sai gajeren wasa ya zo. Awa uku an tashi, ƙwallo fara, riguna masu launi na roba. Jama'a suka cika filin har kan katanga, alhali a dogon wasa tsofaffi bakwai muke samu da karen mai gadi. Ba zan yi muku ƙarya ba, yanzu alƙalin wasa nake, kuma a gajeren nake cin abinci. Sakataren kulob, Rana Tauqir, kullum maganarsa ɗaya ce: gajeren ne ke ciyar da dogon, don haka a daidaita. Aka yi ta daidaitawa. Dogayen wasanni tara a shekara suka koma biyar, suka koma uku, suka koma ɗaya.

Sau ɗaya aka gwada ba wa Karam Din riguna masu launi. Ya hura gawayinsa yadda ya saba, ya ɗora dutsen a ƙirjin rigar kyaftin, sunan kamfanin shinkafar da ke jiki ya narke ya biyo dutsen. Ya daɗe yana duban ramin.

"Wannan riga ce ko leda?" Abin da ya ce ke nan.

Daga ranar aka sayi injin wanki. Shi aka bar masa fararen, wato kwana huɗu a shekara. Bai yi ƙorafi ba. 'Ya'yansa biyu sun tafi Karachi, matarsa ta rasu, maƙwabta kuma kowa ya koma sa kayan da ba sa son guga. Yakan zauna kan gadon igiyarsa da kofin shayi har ya huce bai kurɓa ba. In ka gaishe shi ya amsa, in ka wuce bai bi ka da kallo ba.

Wasan bana a Nuwamba aka sa shi. Tun saura mako Karam Din ya fara shiri, ya fito da kaya ashirin da biyu ya sake musu sitati, har wando na iya tsayawa da kansa. Aka fara ran Alhamis. Yaran nan kowace ƙwallo sai sun kai mata duka kamar masu korar rina, ba mai haƙurin barin ɗaya ta wuce, sai fitar da su ake yi ɗaya bayan ɗaya. Ran Juma'a kafin a kira salla an gama komai.

Ina cire hulata Rana Tauqir ya ja ni gefe.

"Ka dai gani da idonka. Baɗi babu. Kwana huɗun nan gajeru takwas za mu saka a ciki."

"Tsohon fa?"

"Ai kai ka fi shaƙuwa da shi. Kai za ka gaya masa."

Na laluba cikina ko zan sami fushi, ban sami komai ba. Na ɗauki ƙunshin kayan na zagaya bayan fili.

Karam Din ya kwance, ya shiga ɗaga wandunan ɗaya bayan ɗaya. Ya juya gaba, ya juya baya. Ɗan ƙura a gwiwa, shi ke nan.

"An fasa wasan ne?"

"An yi, Kawu. An gama."

"Da wace ƙwallo?"

"Ja."

"To yaran nan ba su da cinya ne?"

"Ba ta kai ga tsufa ba. Kafin ta nemi a goge ta an fitar da kowa."

Ya ce to. Ya yanka lemon tsaminsa duk da haka, ya bi kowace cinya yana murzawa a inda babu komai. Na tsaya har ƙafata ta gaji, ban faɗi abin da aka aiko ni ba.

Ran Lahadi da hantsi na koma ɗauka. Kayan na jere kan gado, a ninke, har suna kashe ido. Yana kaɗe toka daga dutsen guga ya tambaye ni, bai dube ni ba.

"Bular ta yi saura. In ajiye ta baɗi?"

"Ajiye, Kawu," na ce.

Ya gyaɗa kai. Ya shimfiɗa babban zanen da yake ɗaure kayan a ciki, mai tambarin kulob a kusurwa. Tun ina saurayi dokar zanen nan ɗaya ce: ka kai kaya, ka kwance, ka dawo masa da abinsa kafin magariba, in ba haka ba ka sha zagi. Ya jera kayan, ya ƙulle, ya ɗora mini a ka.

"Ba sai ka dawo da zanen ba," ya ce. "Dama na kulob ne."