Taragon da Inna ta shanya a bakin murhu

Mijina ya dawo Birnin Gwari daga aikin reluwe a Kaduna da tari a ƙirji, hannu yana rawa. Ba korarsa aka yi ba, in ji shi, hutu aka ba shi. Baturen da yake yi wa aiki ya sallame shi da wani kwali: taragon jirgin ƙasa na wasa, na roba, guntu-guntu, sai an harhaɗa. Na ji haushi ƙwarai. Mutum ya ƙarar da ƙarfinsa a kanka, ka sallame shi da kayan wasan yara?

Shi kuwa ya ɗauki abin da zafi. Ya ce ranar da hannunsa ya iya haɗa taragon nan, ya san ya warke, sai komawa bakin aiki. Gam ɗin cikin kwalin ya riga ya bushe, sai na samo masa ƙaro wajen masu shiga daji. Kullum yana kan tabarma, ya ɗauki ƙafar tarago da ba ta kai anini ba, ta suɓuce, in rarrafa in nemo ina tsaki a zuci. Amma ranar da ya kafa rufin, ya cinye tuwonsa tas, tarin ma kamar ya lafa.

Damina ce, ƙaron ya ƙi bushewa. Uwarsa, Inna, da muke zaune tare, ba ta taɓa ganin jirgi ba, roba ma sai a takalmi. Abin da ta sani, duk abin da ya sha sanyi, ashana ko gishiri, bakin murhu ake kai shi. Yana barcin rana ta lallaɓa ta ɗora taragon a kan dutsen murhu.

Wari ne ya fito da ni daga ɗaki. Taragon ya narke, ya nannaɗe kamar ganda a wuta.

"Inna, me kika yi?" na ce.

"Shanya masa na yi, 'yar nan, don ya samu ya gama."

Mijina ya fito yana dafa bango, ya daɗe yana kallon abin. Na so ya yi faɗa, wallahi na so.

"Ba komai, Inna," ya ce. "Sannu da ƙoƙari."

Da la'asar ya kira ƙanensa, ya ciro kakin aikinsa daga ƙasan adaka, ya ce ya gwada. Ya yi masa daidai, sai ya ce ya riƙe. Mijina bai ga girbin dawar shekarar ba.