Mutumin da Ya Kaɗa Mini Ƙararrawa

Ina kan keken ɗinki ina haɗa hannun wata riga, 'yata ta shigo da waya a hannu ta ce, "Mama, kin ji? Mai Ƙararrawa zai ajiye aiki ƙarshen watan nan." Na ɗauke ƙafata daga kan keken. Rigar nan ban ƙarasa ta ba sai washegari. Karatuna bai yi nisa ba, amma na ce ko kowa ya yi shiru a kan mutumin nan, ni ba zan yi ba. Abin da na gani da wanda aka ba ni labari zan faɗa, yadda na riƙe shi a kaina.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne sakataren wata ƙaramar ƙungiya ta masu son waƙar zamani, irin wadda ake rubutawa ba amshi, wani layi ya yi tsawo, wani kalma ɗaya ce tak. Duk shekara malaman jami'a suna yin babban taro, kowa ya zo da takardarsa ya karanta. Aikin sakatare shi ne ya samo wa ƙungiyarsu gurbi a wannan taro: ɗaki, lokaci, da masu magana uku. A baki abin kamar wasa.

Ofishinsa wani lungu ne ƙarƙashin matakalar laburare, tebur ɗaya da fanka mai kuka. Da safe shi zai share wurin da kansa, sannan ya hau kiran waya. Wannan Dakta ya yi alkawarin takarda ya ɓace, wancan Farfesa ya ce in ba a sa shi farko ba ba zai zo ba. Ya lallaɓa wannan, ya ba wancan haƙuri. Ranar taro shi ne mai jera kujeru, shi ne mai gwada lasifika, shi ne mai zuba ruwa a kofuna. In an tashi ɗaukar hoto, shi ake miƙa wa waya ya ɗauka. Ku duba hotunan ƙungiyar nan na shekara da shekaru, ba za ku ga fuskarsa ba.

Sunan nan kuwa ya samo shi ne daga wata 'yar ƙararrawa da yake ajiyewa a gabansa. Kowa da lokacin da aka yanka masa, yana cika sai ya kaɗa, ko kai wane ne. An ce wani babban Farfesa ya taɓa ce masa, "Haba, ina tsakiyar jimla fa!" Ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙararrawar ba ta yi makaranta ba, ba ta san jimla ba."

Maigidana, Allah ya ji ƙansa, ma'aikacin gidan ruwa ne, mai bin unguwa yana duba bututu. Shi ma yana rubuta irin waɗannan waƙoƙi, har ya buga ɗan ƙaramin littafi da bai fi tafin hannu ba. Da yamma yakan jawo kujera kusa da kekena ya karanta mini da ƙarfi, don muryarsa ta danne ƙarar ɗinki. Ni kuma in yi ta tsokanarsa. Na ce, "Malam, waƙar da ba amshi ai riga ce ba wuya, ta ina za a sa kai?" Ya ce, "Ke dai yi ta taka kekenki, ai kina ji." Ashe kuwa ina ji.

Duk shekara sai ya ɗauki hutu ya tafi taron nan, ya zauna a layin ƙarshe yana sauraron ana gardama a kan waƙoƙin wasu. Ya dawo ya ce mini, "Ni ba yabo nake nema ba. So nake wata rana mutum biyu su tada jijiyar wuya a kan waƙata." Mai Ƙararrawa ne kaɗai ya lura da mutumin layin ƙarshe. Ya karɓi littafin, ya karanta, ya yi ta bin malamai da shi kamar mai talla, har mutum uku suka yarda za su yi magana a kansa. Masu taro suka ba da gurbi. Maigidana ya kawo mini yadi ya ce in ɗinka masa rigar zuwa. Na yanka, ban kai ga haɗawa ba ciwo ya kwantar da shi. Bai tashi ba.

Na ɗauka magana ta bi shi. Ana jibi taro, sai ga sallama a ƙofa. Mai Ƙararrawa ne, gumi har wuyan riga. Bayan gaisuwa ya ce, "Yaya, an samu matsala. Ɗaya daga cikin ukun ba zai samu zuwa ba. Dokar taro kuwa, in masu magana ba su cika uku ba, soke zaman ake yi. In aka soke bana, ban san shekarar da za a sake ba mu ba."

Na ce, "To Allah ya kawo wani."

Ya ce, "Ai ya kawo. Ga ki nan."

Na yi dariya, irin wadda rabona da ita tun kafin rasuwar. Na ce, "Ni da allura na sani. Me zan gaya wa masu digiri?"

Ya ce, "Su biyun za su faɗi abin da suka gani a waƙoƙin. Ke waƙoƙin za ki faɗa, da yadda aka yi su. Marigayi ya gaya mini kin haddace su kina zaginsu."

A tsakar gidan nan ya tsayar da ni ya koya mini tsayuwa. Ya ce kada in dubi na gaba, su ne masu tsoratarwa. In ɗaga kai in yi magana da bangon ƙarshen ɗaki, kamar akwai mai nauyin kunne a jingine da shi. Daga baya na ji cewa shugaban masu shirya taro ya ja da shi, wai ba a saba sa wanda ba malami ba ya yi magana. Mai Ƙararrawa ya tsaya kai da fata ya ce in zaman ya lalace a ɗora masa, kuma kada a sake ba ƙungiyarsu gurbi. Aikin rayuwarsa ya ɗora a kan bakin tela.

Lokacin da aka ba mu shi ne mafi muni, yammacin ranar ƙarshe, sa'ad da kowa ya rataya jaka yana neman mota. Ɗakin kuma can ƙarshen baranda, bayan ma'ajiyar tsintsiya. Mai sharar wurin ce ta ba ni labarin dabarar da ya yi. Ta ce shi kaɗai ya kinkimi teburin shayi daga bakin babban zaure, ya kawo shi ƙofar ɗakinmu. Mai son shayi sai ya biyo baranda. In ka ɗauki kofi, sai ya ce, "Dakta, ga kujera a ciki, shan shayi a tsaye ba ya kama jiki." Kafin a fara, ɗaki ya cika har da na tsaye.

Malaman biyu suka yi nasu, aka kaɗa musu. Aka kira ni. Na nemi bangon ƙarshe na kafa masa ido, daidai layin da maigidana yake zama. Na fara:

Famfo ya yi shiru.
Na kara kunnena a bakinsa.
Can ƙasa
wani yana tari.

Ban san yadda aka yi ba, waƙoƙin suka dinga zuwa ɗaya bayan ɗaya, da irin tafiyar keken ɗinki. Ina cikin wadda ya yi mini, wadda ban taɓa bari ya ƙarasa karanta mini ba don kunya, a ɓoye na haddace ta daga littafinsa, sai na ji ƙararrawa. Ɗaki ya ɗauki hayaniya, wata malama ta ce, "Haba sakatare, bar ta mana!" Bai ko ɗaga kai ba, ya sake kaɗawa. Na zauna raina a ɓace.

Sai aka buɗe tambayoyi. Malami na farko ya ce mai tarin nan a ƙarƙashin ƙasa talaka ne da ba a jin muryarsa. Na biyu ya ce sam, tsufa ne, mawaƙin kansa yake saurare. Wannan ya miƙe, wancan ya buga tebur, wani daga baya ya ce duk sun yi kuskure. Aka tambaye ni, na ce ni dai na san famfon, yana bayan ɗakin girkinmu, har yau haka yake yi. Aka yi dariya, suka koma gardamarsu da zafi fiye da da. Na dubi wuyan mutanen nan biyu, jijiya ta tashi raɗa-raɗa. Nan na rufe fuska da mayafi na yi kukan da ya fi kowanne daɗi a rayuwata.

Da aka watse na same shi yana tattara kofuna. Na ce, "Don Allah me ya sa ka katse ni?" Ya ce, "Yaya, da na ƙyale ki, gobe sai a ce tausayin matar mamaci aka ji. Yanzu kuwa mai magana ta uku ce aka kaɗa wa ƙararrawa, kamar kowane Farfesa."

Mai Ƙararrawa, kai ne ka ga mutumin layin ƙarshe. Kai ne tsani, a taka ka a hau a manta da kai. Ka cika wa mamaci alkawari alhali ba ya nan balle ya tuhume ka. Yau 'yata ta ce akwai ɗalibai da ke rubutu a kan waƙoƙin babanta, kuma har yanzu malaman nan biyu ba su shirya ba. Na gode. Allah ya ba ka hutu mai lafiya, ya sa kai ma a tada jijiyar wuya a kan alherinka.

Ku da za ku gaji teburin nan na ƙarƙashin matakala, ku riƙa waiwayawa layin ƙarshe. Ranar bankwanarsa kuma, don Allah wani ya karɓi wayar, a sa shi a tsakiyar hoto.

Ni dai kullum da safe, kafin in hau keke, nakan tsaya a tsakar gida in ɗaga kai in dubi bangon ƙarshe, in faɗi waƙa ɗaya. Wadda ya yi mini nake yawan ɗauka. A nan ba mai kaɗa mini, sai na kai ƙarshenta.